Shekarar Da Na Riƙa Danne Miki Hannu

Ummi, tun kina ciki nake ɗauke da tsoro guda ɗaya, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da nake rubuta miki. Tsoron shi ne wani abu ya same ki ni kuma in kasa ganewa. A Funtuwa inda na tashi, yaro ba ya tari sau biyu ba tare da tsofaffi uku sun leƙo sun faɗi abin da ke damunsa ba. A nan kuwa, a hawa na shida a unguwar Abbey Wood ta London, daga ni sai bango, sai taga mai kallon layin jirgi. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, Turancina na sayen tumatir ne, takardun asibiti kuma sai Babanki ya dawo daga aiki ya karanta mini, in gajiya ba ta kwantar da shi a kan kujera ba. In kin girma za ki ji labarin shekarar nan daga bakuna da yawa, kowa da yadda zai juya shi. Na fi so ki ji daga bakin wadda ta yi kuskuren.

Kin cika shekara biyu da rabi ba ki ce Mama ba, ba ki ce Baba ba. An gwada kunnuwanki, aka ce lafiyarsu lau. Ni ma na sani, don ko ledar biskit aka taɓa a kicin kina ɗaki sai kin fito. Hajiya kakarki, wadda kika ci sunanta har muke ce miki Ummi, ta ce in kwantar da hankalina, ai Babanki ma sai da ya kusa shekara uku kafin ya buɗe baki, da ya buɗe kuma aka rasa mai rufe shi. A gurup ɗinmu na mata a waya kuwa kowa likita ce. Wata ta ce harshe biyu ne ya ruɗe ki, in daina yi miki Hausa. Wata ta ce a'a, talabijin ce. Wata ta turo bidiyon wasu yara masu wata lalura, suna karkaɗa hannu su kaɗai ba sa kallon kowa, ta rubuta a ƙasa, Allah Ya tsare mana zuri'a. Na kalli bidiyon nan har na haddace shi. Matar da asibiti ke turowa duba yara ita ma ta bar mini wata takarda. Rabinta ban iya karantawa ba, amma akwai zanen yaro yana kaɗa hannuwa, zanen kuwa na gane shi sarai.

A cikin wannan hali Gwaggonki Zuwaira ta dawo gidanmu da zama. Ita ce autar su Babanki, a nan aka haife ta, shekara biyu kawai na ba ta. Da rana tana aiki a shagon tabarau, tana gwada wa tsofaffi gilashi cikin ladabi kamar ba ita ba. In ta tashi daga aiki sai ta koma wata daban, mai irin waƙar nan da suke kira grime. Ranar da na fara jin kiɗan na ɗauka injin wanki ne ya lalace. Ga sauri, ga dukan da kake ji har cikin ƙirji, mai waƙar kuma yana zuba magana a kai babu numfashi, kamar ɗan kamasho a tasha da saura mutum ɗaya mota ta cika. Hajiya ta ce ba a gidanta na Catford ba, hawan jinin da take da shi ya ishe ta. Babanki ya ce ga ƙaramin ɗakinmu nan babu kowa a ciki.

"Matar Yaya, ba zan dame ki ba, na yi promise," ta ce ranar da ta shigo da jakunkunanta. "Ƙarfe bakwai na yi, shiru."

"Ke da Hausarki ta ɗan koyo, da wane yare kike waƙar?"

"Turanci. Amma in na ji haushi Hausa ke fitowa."

"To Allah Ya hana ki jin haushi, kada ki kunyata mu a duniya."

Ta cika alkawari, wannan kam sai in shaide ta. Ta kwashe kayan cikin kabad, ta lulluɓe cikinsa da barguna biyu, ta kafa makirfo, ta riƙa shiga tana tsayawa a ciki kamar mai ɓuya. Ta ce bargon ne ke shanye amsa-kuwwa. Waƙoƙi biyar take haɗawa, su ne na farko da za ta saki da sunanta, har ta sanar wa masu bin ta a waya ranar fitarsu. Ta yi mini bayani cewa a harkarsu sabon shiga sai ya yi ta zagayen ƙananan gidajen rediyo yana karɓar makirfo, har sunansa ya fara zama a bakin mutane, a daidai lokacin nan ne zai saki waƙa. In ya makara, wani sabon suna ya hau. Na ce mata Allah Ya taimaka, na koma kan tukunyata. Ke kuwa kika manne mata. Da ta dawo aiki kin tare ta a ƙofa, ta ɗora ki a cinya kuna kallon bidiyoyin 'yan'uwanta mawaƙa, ni ina kicin na turo ƙofa, ina murna na samu mai riƙe mini ke in yi girki.

Bayan zuwanta da kamar wata ɗaya na fara ganin abin. Sai ki ɗaga ɗan yatsa sama, ki riƙa juya shi kina zana da'ira a iska, sa'an nan ki bugi tebur da tafin hannu sau biyu. Na fara gani ne da na gama ba ki kunu na kai kofin wurin wanki. Na sake gani a filin wasa da lilo ya tsaya. Na gani da jirgi ya wuce ta tagarmu ya ɓace. Na gani da na gama zuba miki ruwa a ka wurin wanka. Duk sanda kika yi sai in tuna yaran cikin bidiyo. Sai in kama hannun in sauke shi. Ki ɗaga, in sauke. A bas nakan damƙe shi cikin tafina, ki yi ta fizga har ki yi kuka, ni kuma ina kallon taga kamar ban san me ke faruwa ba, don kada matan da ke zaune su gani.

Ban gaya wa Babanki ba. Ban gaya wa Hajiya ba. Da matar asibiti ta dawo da takardar tambayoyi, ta ce ko kina yawan maimaita wani motsi da hannu, har ta gwada mini da nata hannun don in gane, na dube ta na ce a'a. Gani nake in na furta, abin ya tabbata. Na zauna ni kaɗai na yi lissafina: kafin kiɗan nan ya shigo gidan ba kya yi, bayan ya shigo kin fara. A wurina magana ta ƙare.

Wata Lahadi bayan la'asar na ƙwanƙwasa ƙofar kabad ɗin, Zuwaira ta leƙo da abin sauraro a kunne, tana gumi.

"Zuwaira, kiɗan nan ya isa haka a gidan nan."

"Na yi yawa? Sorry, bari in rage."

"Ba ragewa ba. Ki nemi wani wuri."

Ta cire abin kunnen. "Matar Yaya, saura biyu. Two tracks. Ki ba ni sati uku kawai."

"Hayaniyarki ce ta toshe wa yarinyar nan baki."

Zuwaira ta dube ni, ta dube ki kina zaune a bakin gadonta kina wasa da igiyar makirfo. Sai ta fara ninke bargunan. Da Babanki ya dawo ya tarar da jakunkuna a falo ya ja ni gefe ya ce, "Kin tabbata? Likita ne ya ce?" Na ce ni uwa ce, na fi likita sanin 'yata. Ya ɗauki mukullin mota ya mayar da ƙanwarsa Catford, gidan da ba a yarda ta kunna ko da rediyo ba. Ranar da ta sanar ta zo ta wuce, waƙa ba ta fita ba. Na ji daga baya cewa wasu sun yi ta yi mata ba'a a waya, suna cewa dama surutu ne kawai babu aiki.

Ke kuma kika koma zama a ƙofar ƙaramin ɗakin, bayanki jingine da ita. Juya yatsan ya ragu, ya ragu, cikin sati uku ya tsaya cak. Na yi sujadar godiya, Ummi, wallahi na yi. Na ce ga shi na gano ciwon na cire shi da hannuna. Sai dai wani abu ya maye gurbinsa. In kunu ya ƙare sai ki yi jifa da kofin. In na sauke ki daga lilo sai ki kwanta a ƙasa ki yi ta ihu har mutane su tsaya. Kallon idona ma kika rage. Na ce ƙiwa ce, za ta wuce.

Littafin Zuwaira ne ya kai ni inda take. Ina share ƙarƙashin gadonki na ci karo da wani littafi mai baƙin bango, cike da rubutun hannu, an soke wani an rubuta wani a kai. Ashe ke kika ɓoye shi. Babanki ya kira ta, ta ce ta birkice gidan Hajiya tana nemansa, baitocinta na shekara guda ne a ciki, kuma ran Asabar da azahar tana da shiri a wani ƙaramin gidan rediyo a Peckham. Shi yana da aiki ranar. Ni kuma dama ina son zuwa Rye Lane sayen daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na ce zan miƙa mata a bakin ƙofa in wuce. Na saka ki a keken tura yara, muka hau jirgi biyu.

Gidan rediyon ɗaki ne guda a saman wani shagon kitso. Na bar keken wurin masu kitson, na goye ki na hau. Na yi niyyar ba wa na bakin ƙofa littafin, amma ya matsa mini hanya kawai, na tsinci kaina a ciki. Samari da 'yanmata kusan goma ne a tsaye sun yi da'ira, makirfo ɗaya ne yana yawo a tsakaninsu, kowa ya zuba nasa ya miƙa wa na kusa, kiɗan bai tsaya ba. Wani dogon saurayi yana bayan tebur yana sarrafa na'urar kiɗa. Zuwaira ta hango mu, idonta ya buɗe, ta zo da sauri ta ɗora miki babban abin sauraronta a kunne don ya tare miki amon, kafin mu gaisa makirfo ya iso hannunta.

Ta fara. Ban fahimci ko kalma biyar ba, amma na ga yadda ɗakin ya matso. Ba ta yi nisa ba sai wuri ya kaure da ihu, wasu suna dukan bango, sai dogon nan ya ja kiɗan baya da wani irin ƙugi, komai ya tsaya. Na ce shi ke nan, ta yi kuskure, sun tsayar da ita a gaban duniya, kuma ni na jawo, ga littafin a hannuna. Ta sake farawa daga farko. Ta iso wurin nan dai, aka sake ihu, aka sake tsayarwa. Na ɗaga kai don in ga masu yi mata wannan wulaƙanci, sai na ga dariya suke yi, ita ma dariya take. Kuma kowannensu ya ɗaga yatsa sama yana juya shi, yana zana da'ira a iska.

Sai na ji motsi a bayana. Kin zaro hannu daga cikin zanen goyo, kin ɗaga yatsa kina juyawa, kina dukan kafaɗata sau biyu. Dogon ya hango ki, ya nuna ki da hannu, ɗakin ya sake fashewa. Ya ja kiɗan baya a karo na uku, saboda ke.

Da aka sa talla ya zagayo ya durƙusa ya gaishe ni. Ashe ɗan zangon Kumasi ne, Awudu sunansa, da irin Hausarsu.

"Hajiya, yarinyanki ya san aiki. Shi ne oga yau."

"Don Allah, mene ne wannan da kuke yi da hannu?"

"Reload ke nan. In magana ya yi daɗi, ba mu bari ya wuce. Mu ce a mayar, a sake daga farko. Shi ne babban girma a wurinmu. Mutum zai yi shekara bai samu ɗaya ba, Zuwaira ya samu uku yau."

"A sake?"

"A sake, Hajiya. Ya yi daɗi, a sake."

Ban san sanda na fita na zauna a kan matakala ba. Kunu. Lilo. Jirgi. Ruwan wanka. Wata da watanni kina ce mini Mama ya yi daɗi, a sake, da harshe ɗaya tilo da kika samu, ni kuma ina kama hannun ina saukewa. Har kika gaji kika daina, na yi sujada. Zuwaira ta same ni a nan ina kuka, ke kina jan gyalena. Na gaya mata komai, bidiyon, takardar, ƙaryar da na yi wa matar asibiti.

"Wait. Wannan ne? Wannan ne ya tsorata ki?" Ta dafe kai. "Matar Yaya, ni na koya mata! In ta yi, sai in mayar mata da bidiyon. Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kunya na ji. Da tsoro."

"Kin kore ni saboda reload." Ta fara dariya, hawaye na zuba. "Ni kaɗai ce a London aka kora daga gida saboda reload."

"Ki yafe mini, Zuwaira. Na ɓata miki ranarki."

"Kin ɓata," ta ce, ba ta ɓoye ba. "Na ji haushi sosai. Har na rubuta miki waƙa, da Hausa tsantsa. Ki gode Allah Hajiya ba ta bar ni na yi recording ba."

Ran Litinin na kira matar asibiti da kaina, ban jira Babanki ba, na ce mata na yi ƙarya a takarda. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta haɗa mu da wata mai koyar da yara magana, na nuna mata bidiyonki na gidan rediyo da Awudu ya turo wa Zuwaira. Ta kalla sau biyu. Ta ce ba za ta ce mini babu komai ba, jinkirin maganarki na gaske ne kuma sai an yi aiki, amma yaron da ya nemo hanyar roƙon abu da kansa ya riga ya taka mataki babba. Ta koya mini: in kin juya yatsa, in durƙusa daidai fuskarki, in faɗi kalma ɗaya, in ɗan jira, sa'an nan in ba ki. Na tambaye ta da Turanci ko da Hausa. Ta ce da wanda nake yi miki wasa da shi.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin ki sake yarda da ni. Zuwaira ta dawo gidanmu da bargunanta, kina juya mata yatsa, ni ba kya juya mini. Na riƙa juya nawa yatsan a kicin kamar mahaukaciya, in na ɗanɗana miya in juya, in Babanki ya ba da labari mai daɗi in juya, har ya ce a gidan nan ba a isa a yi atishawa ba sai an nemi a sake. Ran da kika ɗaga mini yatsa a kan lilo, na tura ki har hannuwana suka yi tsami, ina cewa kuma, kuma, kuma. Bayan wata biyu, da safe, na gama ba ki kunu, kika riƙe kofin kika dube ni kika ce, "Kuma." Na dama wani. Kika ce kuma. Ranar kin sha kunu har kika amayar, ban hana ki ba.

Waƙoƙin Zuwaira sun fita bayan wata huɗu da ranar da ta fara sanarwa. A tsakanin nan wasu sababbi biyu da suka fara tare sun wuce ta, an gayyace su wuraren da take sa rai. Ba ta taɓa goranta mini ba, amma na sani, kuma ba ni da abin da zan mayar mata da shi. Yanzu ana sa waƙoƙinta a shirye-shiryen masu tasowa, matasa na tsayar da ita a tashar jirgi, kuma har yau tana gwada wa tsofaffi tabarau. Ke kuma ga ki kina shirin shiga makaranta, har yanzu muna zuwa wurin malamarki, wasu kalmomin suna yi miki nauyi, amma jiya kin yi mini musu a kan takalmi na tsawon tafiyar bas. Na gode wa Allah. Na gode wa malamar nan, da Awudu da ya durƙusa ya amsa tambayar da wani zai yi wa dariya, da Babanki da bai taɓa ce mini ai na faɗa miki ba. Amma godiyata mafi girma tana wurin wadda ta ga yatsanki ta amsa miki tun ranar farko.

A dangi har yanzu akwai masu taɓe baki in an ambace ta. A wurin suna da biki nakan ji ana cewa 'yar Hajiya mai ihun nan, Allah Ya shirya. Ina amsa musu iya iyawata, amma ni surukar gida ce, akwai inda maganata take tsayawa. Ke 'yar gida ce, taki ba ta da iyaka. Abin da nake roƙonki ke nan, Ummi: duk ranar da aka yi maganar Gwaggonki Zuwaira a gabanki, kada ki sunkuyar da kai. Ki buɗe baki ki gaya musu abin da ta yi miki.